Inda Tsibirai Suka Tare Iska: Kafin Ka Yi Hayar Jirgin Shaƙatawa a Yammacin Girka

Kamfanonin da ke ba da hayar jiragen ruwan shaƙatawa a yammacin ƙasar Girka suna da kalma guda da ba sa gajiya da maimaitawa a tallarsu, wato mafaka. Suna nufin wani yanki na Tekun Iyoniya da tsibirai suka yi wa ƙawanya, inda ruwa ke kwance, iska ke da ladabi, har wanda bai taɓa kwana a kan ruwa ba zai iya ɗaukar iyalinsa su yi mako guda suna yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Ba ƙarya suke yi ba, sai dai rabin zancen suke faɗa. Mafakar tana da ɓangaren da take karewa, tana da sa'o'inta a yini, tana kuma da watanninta a shekara. A ganina, duk wanda ya soma shirin irin wannan hutu da zaɓen jirgi, yana ƙirga ɗakuna yana duba kyan hoto, ya fara gini daga jinka. Jirgi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a zaɓa.

Taswira ce ke fayyace dalilin da ya sa wurin ya yi suna. Manyan tsibirai biyu, Lefkada daga arewa da Kefaloniya daga kudu, sun tsaya kamar ganuwa tsakanin buɗaɗɗen teku da babban yankin ƙasar Girka, wanda shi ma duwatsu ne masu tsayi daga gabas. A cikin wannan shinge ne Itaka take, da Meganisi, da Kalamos, da Kastos, da wasu ƙananan tsibirai da ba kowa a cikinsu. Raƙuman ruwa ba sa girma sai iska ta sami doguwar tazara tana tura su. Waɗanda suka taso tun daga wajen Italiya suna fashewa ne a bayan Lefkada da Kefaloniya, na ciki kuwa ba su da filin da za su yi ƙarfi. Ga shi Bahar Rum ba ta da cika da janyewar da ake fama da su a manyan tekuna, don haka matuƙi ba ya zaman lissafin sa'ar da ruwa zai ja baya ya bar shi a kan yashi. Yawancin zangon da ake yi tsakanin tasha da tasha mil 8 ne zuwa 15 na teku, kowane mil mita 1,852. Jirgi mai tsawon mita 12 yana cin mil 5 zuwa 6 a awa. Ke nan tafiyar kamar awa ɗaya da rabi zuwa uku ce, kuma sau da yawa kana hangen inda za ka tun kafin ka ɗaga anka.

Iskar bazarar wurin ma tana da tsari kamar mai zuwa aiki. Girkawa suna kiranta maistro. Da safe teku lumui yake, sai a tafi da inji. Wajen azahar sai ta taso daga arewa maso yamma, ta yi ƙarfi da la'asar, yawanci tsakanin mataki na 3 da na 5 a ma'aunin Beaufort mai matakai daga 0 zuwa 12, sannan ta kwanta da faɗuwar rana. Wanda ya kwatanta wannan da meltemi, iskar arewa da ke kaɗawa a Tekun Ejiyan ta gabashin Girka, wadda kan kai mataki na 7 ko 8 ta yini ta kwana a Yuli da Agusta, zai gane abin da ya sa ake tura sababbin shiga Iyoniya.

To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hotunan da suka fi jan hankali a tallar yankin, masu farin dutse a tsaye da ruwa shuɗi kamar an zuba baba, akasarinsu ba a cikin mafakar aka ɗauke su ba. Porto Katsiki da Egremni suna yammacin Lefkada, Myrtos tana yammacin Kefaloniya, Navagio kuwa, inda jirgin nan Panagiotis ya maƙale a yashi tun 1980, tana arewa maso yammacin Zakintos. Dukansu suna fuskantar buɗaɗɗen teku, kuma dukan da raƙuman ruwa ke yi musu shekara da shekaru shi ne ya sassaƙa musu wannan kyan. Ba wuraren kwana ba ne. Ana zuwa ne da sassafe ranar da teku ya kwanta, a bar wurin kafin maistro ta taso. Navagio ma hukuma ta sha hana sauka a cikinta saboda zaftarewar duwatsu, tun bayan wadda ta raunata mutane a 2018. Wanda ya yi wa iyalinsa alkawarin waɗannan wurare ya yi alkawari da abin da ba ya hannunsa. Mafi sauƙi, a ajiye jirgin a tasha, a ɗauki hayar mota a je a gani ta tudu.

A cikin shingen ma, dutsen da ya kare ka daga raƙuman ruwa ba lallai ya kare ka daga iska ba. Tsibiran nan dogaye ne ƙwarai. Dutsen Ainos na Kefaloniya ya kai mita 1,628. Idan iska ta haura irin wannan tudu, takan gangaro ta ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi wanda ta zo da shi, ta riƙa bugowa a fizge. Shi ya sa lungun Vasiliki da ke kudancin Lefkada ya zama matattarar masu wasan tsere da iska a kan allo, domin kusan kowace la'asar iska na faɗowa daga dutse. Haka mashigin da ke tsakanin Itaka da Kefaloniya yake matse iska kamar mazurari. Hasashen yanayi zai iya cewa mataki na 4, kuma gaskiya ya faɗa game da tsakiyar teku, alhali a gindin dutse abin da za ka tarar ya fi haka. Wannan ilimi ne da ba ya cikin manhajar waya. Yana kan wanda ya shekara yana bin hanyar.

Babbar iyakar mafakar ita ce ta ɓangare. Ƙauyukan da ake kwana a cikinsu sun dace ne da iskar arewa maso yamma. Kioni a Itaka da Agia Efimia a Kefaloniya, alal misali, bakinsu gabas yake kallo. Ranar da iska ta juya ta fito daga kudu ko gabas, abin da kan faru idan hadari ya ratso yankin a farkon kakar yawon ko ƙarshenta, tashar da ta zama gadon barci jiya sai ta zama tarko. Abubuwa biyu da suka faru sun isa misali. A Satumban 2011 wata guguwa ta faɗa wa lungun Vlicho, kusa da garin Nidri, wurin da matuƙa ke ɗauka shi ne mafi aminci a duk yankin saboda tudu ya kusan rufe shi ta kowane gefe. Cikin mintuna kaɗan ta tsinke jirage daga ankarsu, ta kifar da wasu, ta tuntsurar da waɗanda aka jingine a tudu, aka kuma rasa rai. A ranakun 17 da 18 ga Satumban 2020 kuma guguwar Ianos, irin mahaukaciyar guguwar nan da Bahar Rum kan haifa jefi-jefi, ta afka wa Kefaloniya da Itaka da Zakintos, jirage da dama suka nutse a ɗaure a bakin tasha.

Akwai bambanci tsakanin biyun da ya kamata mai shiri ya lura da shi. Ta Vlicho ta zo ne ba sallama. Ianos kuwa an yi kwanaki ana gargaɗi a kanta, don haka wanda ke da sararin kwana ɗaya ko biyu a jadawalinsa ya sami damar kai jirgi wuri mai kyau ya sauke iyalinsa a otal. Kuma dukansu a rabin Satumba na biyu suka faru, lokacin da teku ya gama shan zafin bazara, iska mai sanyi ta fara shigowa ta samansa. Ba ina cewa kada a je a Satumba ba. Dubban mutane na zuwa su dawo lafiya, kuma farashi ya fi sauƙi. Amma ga iyalin da wannan ne karonsu na farko, ni Yuni zan zaɓa, ko farkon Yuli. Yanayi ya daidaita, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, tashoshi ba su cika ba tukuna. Agusta watan hutun Turawa ne, musamman Italiyawa da su kansu Girkawa: farashi ya kai ƙarshe, zafi ya kai ƙarshe, kowane lungu ya cika.

Sai lissafin kwanaki, wanda nan ne mutane masu hankali suka fi yaudarar kansu. Haya a Girka daga Asabar zuwa Asabar ake yin ta. Ana miƙa maka jirgi da yammacin Asabar, bayan an duba kaya an sa hannu a takardu, saboda haka mafi yawa a tasha ake kwanan farko. Ana so ka dawo da yammacin Juma'a, ka cika tankin mai, ka fita da safiyar Asabar. Abin da aka kira mako guda, kwana shida ne na tafiya. Mai zumuɗi sai ya zauna da taswira ya jera tsibirai bakwai har da Zakintos, wadda ke da nisan fiye da mil 60 daga garin Lefkada. Zuwa ba wuya, domin iska na bayanka. Dawowa ce aiki: arewa za ka nufa, iskar la'asar na dukan goshin jirgi, yara na amai, ga wa'adin Juma'a na matsowa. Wa'adin nan shi ne ke sa mutum ya fita ranar da ya kamata ya zauna. Yarjejeniyar haya da aka saba amfani da ita a Girka ta hana barin tasha idan iska ta haura mataki na 6 ko aka yi hasashen za ta haura, ko hukumar tasha ta hana fita. Wanda ya karya wannan sharaɗi ya yi ɓarna, zai sha wuya wajen kamfanin inshora.

Shawarata a nan ba ta da daɗin ji ga wanda ya kashe kuɗi mai yawa: a tsara zango huɗu, a bar kwana ɗaya ba komai a cikinsa, kuma daren Alhamis ya same ka a wurin da bai fi awa biyu ko uku da tashar da za ka mayar da jirgi ba. Meganisi da Kalamos da Itaka da arewacin Kefaloniya sun ishi mako guda har da saura. Wanda ya tashi daga Preveza ya ƙara da lissafin gadar da ke shawagi a bakin mashigin Lefkada, wadda ake buɗe wa jirage sau ɗaya a kowace awa.

Akwai wani cin karo da ba a faɗa a talla. Iskar da ka biya kuɗi don ka yi tafiya da ita sai bayan azahar take zuwa, gurbin ɗaure jirgi a shahararrun tashoshi kuwa kafin la'asar yake ƙarewa. Fiskardo ita ce babban misali. Ƙauye ne a arewacin Kefaloniya da girgizar ƙasar 1953 ta bar tsofaffin gidajensa a tsaye bayan ta rushe kusan duk sauran tsibirin, shi ya sa kowa ke son kwana a can. Yadda ake ɗaure jirgi a Bahar Rum kuma ba wasa ba ne: ana sakin anka a tsakiyar tasha, a yi baya-baya da jirgi ana sakin sarƙa, a kutsa tsakanin jirage biyu, a jefa igiyoyi a ɗaure a dakalin tasha. A yi wannan da la'asar, iska na tura jirgi ta gefe, masu shan shayi a bakin ruwa sun zuba ido. Da safe kuma a tarar sarƙar wani ta hau kan ta wani, sai an yi ta warwara. Dole mutum ya zaɓa: ko ya tafi da inji da safe ya sami gurbi, ko ya more iska ya kwana a lungu a kan anka, da doguwar igiya ɗaure a dutse. Ni na fi son na biyu, kwana biyu ko uku a mako, in dai an saki anka a kan yashi. Ciyawar ƙarƙashin teku ba ta riƙe anka da kyau, kuma ankar na tumɓuke ta alhali shekaru masu yawa take ɗauka kafin ta farfaɗo. A wurare irin su Spartochori da Sivota, gidajen abinci suna da nasu matsayar jirage, su karɓi igiyarka, kai kuma ka ci abincin dare a wurinsu. Ciniki ne mai kyau ga wanda ya gaji.

Duk wannan ya kawo mu ga mutumin da hutun ya rataya a wuyansa. Dokar Girka ba ta ba da jirgi ga wanda ba shi da lasisin tuƙi da hukuma ta yarda da shi, kuma tana son a sami mutum na biyu a cikin jirgin da ya san aikin. Ga mafi yawan masu karanta wannan, ma'anarsa ita ce za a ɗauki matuƙi. Ladansa kan kama daga Yuro 150 zuwa 250 a rana, ciyar da shi na wuyanka, kuma yana buƙatar wurin kwanansa, abin da ke rage ɗaki ɗaya daga lissafinka. Ina mamakin yadda mutum zai yi mako uku yana kwatanta jirage, sannan ya karɓi duk matuƙin da kamfani ya turo ba tare da ya ji muryarsa ba. Ka nemi a haɗa ku a waya tun da wuri. Ka tambaye shi shekara nawa ya yi a wannan yankin musamman, me zai yi idan iska ta juya kudu, ya taɓa tafiya da ƙananan yara. Ka gaya masa ba a shan giya a jirginka idan haka ne, kuma za a riƙa tsayawa salla. Jirgi mai mita 12 ƙaramin gida ne da bangonsa katako ne siriri. Iyalin da baƙon namiji zai takura wa suna iya neman matuƙiya mace, akwai su, amma sai an nema da wuri.

Akwai kuma abin da ya fi wuya ga wanda ya saba ba direba umarni. A kan ruwa, wanda ya biya kuɗi ba shi ne shugaba ba. Idan matuƙi ya ce yau ba za a tsallaka zuwa Itaka ba, zance ya ƙare. Matuƙin da ya fi haɗari shi ne mai kunyar maigida, wanda za a matsa wa ya fita don kada a hana shi tukuici.

Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana, akwai wani shinge tun kafin a ga ruwa. Girka na cikin yankin Schengen, sai da biza. Kuɗin nema Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, amsa kan fito cikin kwana 15 amma tana iya kai 45. A 2024 an ƙi fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun bizar Schengen da aka shigar daga Najeriya. Matsalar ita ce ofishin jakadanci na son ganin shaidar masauki, masaukinka kuwa jirgin ne, kamfani kuma ba ya ba da takarda sai an biya kafin alƙalami, yawanci kashi 30 zuwa 50 na kuɗin haya, sauran a cika kimanin wata guda kafin tafiya. Idan bizar ba ta fito ba, kuɗin nan na iya tafiya ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya: doka ta yarda a nemi biza tun wata shida kafin lokaci, saboda haka mai son Yuni ya shigar da takardunsa a Janairu ko Fabrairu, yadda amsa za ta zo kafin wa'adin cika kuɗi. Kuma kafin ya biya ko sisi, ya nemi a rubuta a yarjejeniya abin da zai faru idan an hana shi biza, ko mayar da kuɗi ko ɗage lokaci. Kamfanin da ya ƙi tattauna wannan, a nemi wani. Ranar karɓar jirgi ma akwai kuɗin jingina saboda ɓarna, sau da yawa Yuro dubu biyu zuwa uku, da ake riƙewa a katin banki. A tabbata katin zai iya ɗaukar wannan adadi da kuɗin waje, ko a sayi inshorar da ke rage shi. Mai, da sharar ƙarshe, da injin ƙaramin kwale-kwalen sauka, da kuɗin tasha, duk daban ake biya.

Bayan an gama da waɗannan ne zancen jirgi ke da ma'ana, kuma a lokacin ba ya ɗaukar dogon tunani. Katamaran, mai gangar jiki biyu, ba ya karkata idan iska ta cika ƙyallensa, yana da fili, ya fi dacewa da dattawa da masu saurin jiri. Sai dai kuɗinsa kan kusan ninka na jirgi mai jiki ɗaya, kuma faɗinsa na hana shi samun gurbi a ƙananan tashoshi. Abin da na fi so a duba shi ne girman tankin ruwa. Lita 300 zuwa 600 ake samu a irin waɗannan jirage, mutum shida masu wanka da wanke-wanke da alwala sau biyar za su shanye shi cikin kwana biyu ko uku, kuma ba kowane ƙauye ke da famfo a bakin tasha ba. Sauƙin da ke akwai shi ne ruwan teku mai tsarki ne kuma yana tsarkakewa, kamar yadda hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ya tabbatar, don haka bokiti da igiya sun wadatar ga alwala. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ba gabas ɗin da muka saba ba, jirgin da ke kan anka ɗaya kuma yana juyawa da iska, saboda haka kamfas ɗin jirgi zai yi amfani. A gidajen abinci a riƙa tambaya, domin tsiren Girkawa da ake kira suflaki galibi na alade ne. Kifi da kayan lambu da wake ba sa yankewa, sai dai kifin da kilo ake sayar da shi, a ji farashi kafin a gasa.

Mu da muka saba jin labarin kifewar kwale-kwale a Kogin Neja, a Kebbi da Neja da Kwara, ba sai an yi mana dogon bayani kan rigar kariya daga nutsewa ba. Kowane jirgin haya yana da su daidai da adadin mutanen da aka yi masa rajista, amma na manya ne. A faɗi shekarun yara da nauyinsu tun lokacin biyan kafin alƙalami, a kuma nemi a ɗaura raga a kewayen jirgin idan akwai mai rarrafe. Ranar Asabar ɗin karɓa, kafin a kwance igiya, kowa ya gwada tasa a jikinsa, wanda bai iya iyo ba ya faɗa ba kunya. A sa matuƙi ya nuna wa babba ɗaya, ban da shi, yadda ake kashe inji da yadda ake kiran agaji a tasha ta 16 ta rediyon jirgi. A waya, lambar masu tsaron gaɓar tekun Girka 108 ce. Sannan a zagaya jirgin da kyamara a ɗauki hoton kowane ƙarzo da ke jikinsa, domin ranar Juma'a da shi za a yi lissafin kuɗin jingina.